Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Saurin Gane Mai Kisan a Labarina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin kisan kai irin wanda ba a nuna jini, kuma ba ɗan sanda ne ke warware shi ba. Sau biyu ina farawa, amma kafin babi na 4 ƙawayena sun gane mai laifin. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. A Ingila wannan salo ya yi ƙarfi. A 1930 Agatha Christie ta fitar da littafin farko na Miss Marple, tsohuwar da ke gano masu kisa a ƙauyensu saboda ta san halin kowa. Tsarin za ki ara, ki zuba shi a unguwarku.

Galibi abin da ke tona mai laifi da wuri shi ne, shi kaɗai ke da abin ɓoyewa. Ki tanadi mutum 5 ko 6 da za a zarga, kowannensu da asirinsa: wannan ya ci kuɗin adashe, wancan ya yi aure a ɓoye, wata ta jinginar da filin gado. Idan kowa na ƙarya, ƙaryar mai kisan sai ta saje. Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki zauna da takarda ki tsara wa ya yi, don me, yaushe, da kuskure guda da ya tafka.

Mai binciken ta zama wadda ake buɗe wa ƙofa ba a tambaye ta dalili ba: dillaliya, mai kitso, ungozoma. Mun fi son mai wankan gawa, domin a nan ne labarin Bahaushe ya rabu da na Bature. Mu ba ma ajiye gawa, sau da yawa ranar ake kai ta makwanci, babu likitan da ya duba. Wadda ta yi wankan ita kaɗai ta ga tabon da ke bayan kunne, kuma amanar aikinta ta hana ta faɗa a bainar jama'a. Wannan nauyi kaɗai ya isa ya ja labarin. Zaman makoki na kwana 3 zai tara miki duk waɗanda ake zargi a tsakar gida ɗaya, sadakar arba'in kuma ta zama ranar tonon asiri. Lokutan salla su ne agogonki: wa aka gani a sahu da Magariba, wa ya ɓace kafin Isha'i?

Alamun shaida na gaskiya 3 sun wadatar. Ki nuna su a fili amma cikin hayaniya, kamar kwanon fura da aka wanke shi kaɗai alhali sauran kwanuka na jibge. Duk alamar da kika sa don ɓatar da mai karatu, dole ki bayyana ta a ƙarshe, in ba haka ba zai ji an cuce shi.

Kada aljani ko sammu ya warware miki ƙulli. Tun 1929 marubucin Ingila Ronald Knox ya sa wannan hani cikin ƙa'idoji 10 na labarin bincike. Idan kuma gado ne dalilin kisan, ki tuna a shari'a wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, don haka mai laifinki zai yi ta ƙoƙarin a ɗauka ciwo ne ya yi ajalin mamacin.