Na yi alkawarin baiko don gudun kunya, yanzu kuma ba ni da shi

Tambaya: Baba Fasto, a ranar gidauniyar ginin majami'armu ana kiran suna ana faɗin abin da kowa ya bayar. Da aka zo kaina kunya ta kama ni, na ce naira 30,000, alhali kwasar adashin da nake jira kuɗin makarantar yara ne. Yaya zan yi? Wata 'yar'uwa daga Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki taɓa kuɗin makarantar yaran nan, kada kuma ki ci bashi. Ki sami ma'aji ke da shi, ki gaya masa gaskiya, ku shirya ki riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko a rage. Alkawari kaya ne, amma ana sauke shi a hankali.

Bulus ma ya yi gidauniya. Ya tara wa matalautan Urushalima gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya, kuma surori biyu cur, 2 Korantiyawa 8 da 9, a kan wannan suke. A 8:12 ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Aya ta gaba ta ƙara da cewa ba a nufin wasu su huta ku kuma ku shiga matsi. A 9:7 ya hana bayarwa da ɓacin rai ko a kan dole. Dolen kuwa ba sai an riƙe miki wuya ba. Idanun 'yan zumuntar mata a kanki, ga makirfo a bakinki, dole ce.

Ba na cewa duk bayarwa a fili laifi ce. Barnaba ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni, kowa ya sani (Ayyukan Manzanni 4:36-37). Hananiya da matarsa Safiratu suka so irin wannan suna ba tare da irin wannan hadaya ba: suka sayar da gona, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka nuna kamar duka suka kawo. Ki lura da abin da Bitrus ya ce wa Hananiya: gonar taka ce, kuɗin ma a hannunka yake. Ƙaryar ce ta kashe su, ba ƙarancin kuɗin ba.

Mu shugabanni ma da namu a ciki. Yesu ya ce kada hagu ta san abin da dama take yi (Matiyu 6:3), mu kuma muna sa a tafa wa mai dubu ɗari sau bakwai, mai ɗari biyar sau ɗaya. Gwauruwar nan mai anini biyu a Markus 12, da a taronmu ta zo, da ƙyar mai gabatarwa zai kira sunanta. A ganina ambulan ya fi: a ƙirga a gaban dattawa, a sanar da jimilla kawai.

Idan kuma ranar aikin gayya ta zo, ɗibar ruwa da dafa wa magina abinci duk ginin ne. Ki ce wa ma'aji ya rubuta ki a ciki.