Tambaya da Amsa: Walda a jikin tsohon tankin amoniya

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni mai walda ne. Maigidana ya sayo tsohon tankin amoniya, wato gas ɗin da ake sanyaya ƙanƙara da shi, daga wata masana'antar ƙanƙara da ta rufe, yana so in yanka shi mu mayar da shi tankin ruwa. Mun bar shi a buɗe kwana goma, warin ya tafi. Ya ce amoniya ba ta cin wuta, amma hankalina bai kwanta ba. In sa hannu?

Amsa: Kada ka sa, ɗan'uwa, ko da injin gurza ne.

Maganar "na sunsuna babu wari" ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Wa ya ce hanci na'ura ne? Hanci yana jin amoniya da wuri, amma da ya ɗan jima a cikinta sai ya saba, ka ɗauka ta tafi. Kuma abin da kuka sunsuna iskar bakin tanki ce. A gindinsa akwai man kwamfuresa da ya shekara yana taruwa, ga tsatsa a bango, duk sun sha amoniya sun ƙoshi. Suna nan shiru har sai wutarka ta gasa ƙarfen, sannan su amayar da ita, man ma ya yi tururi. Amoniya na kama wuta idan ta kai kamar kashi 15 zuwa 28 cikin ɗari na iska. A fili da wuya ta kai haka, shi ya sa masu ƙaramin sani suke cika baki. A cikin tanki kuwa tana kaiwa, tururin mai kuma yana sauƙaƙa mata. Wasu har tiyo suke sa wa salansar mota su hura hayaƙi ciki, wai sun kashe gas. Hayaƙi ya taɓa kwashe mai?

Ga yadda ake yi. A raba tankin da kowane bututu, a zuƙe sauran iskar ta tiyo zuwa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye man ta bawul ɗin ƙasa. A hura iskar naitirojin, wadda ba ta cin wuta, a fitar da ita, sau da dama. Oksijin ɗin walda kuwa kada ya kusance shi. Sannan a wanke da tururi ko ruwan zafi, murfi a buɗe, domin ruwa yana zuƙe amoniya da sauri har rufaffen tanki ya lotse. A busa iska, a auna gas da na'ura har gindi, a ci gaba da aunawa ana aiki. Kada kowa ya leƙa ciki bayan naitirojin, ba ta da wari kuma tana sumarwa nan take. Ruwan da za a zuba a tankin ma ba na sha ba ne.

Idan kuma maigidanka ya canza shawara ya ce a liƙe shi a sake zuba amoniya, wannan ba aikin bakin titi ba ne. A Dakar, babban birnin Senegal, a watan Maris na 1992, tankin amoniya ya fashe a masana'antar Sonacos, mutum 129 suka rasu. An cika shi fiye da ƙima, ya tsage a daidai wurin da aka taɓa gyara shi da walda.

Ka ce wa maigidanka ya ɗauko mai na'urar awo ya biya shi. In ya ƙi, miƙa masa sandar waldar, ka matsa nesa.