Wace na'urar GC-MS ta dace da gwajin tsabtar sinadarai?

Malam, ka yi tambaya a kan na'urar GC-MS (mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri tare da gano kowannensu) da ta dace ku saya domin tantance tsabtar sinadarai irin su asiton da metanol. A ganina mai kwadrofol guda (kwadrofol shi ne sashen da ke tace ƙwayoyin sinadari gwargwadon nauyinsu) ta ishe ku, domin mai kwadrofol uku an fi bukatarta wajen gano burbushin maganin ƙwari a cikin abinci, kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ku tabbata tana aiki da EI (hanyar farfasa ƙwayoyin sinadari da elektron) a kan ƙarfin 70 eV, saboda a wannan ma'auni aka tattara kundin bayanan sinadarai na NIST (hukumar ma'auni ta Amurka) da ake gane sunan gurɓatacce da shi. Idan kason tsabta cikin ɗari kuke so, ku sa a haɗa muku da FID (sashen da ke auna yawan sinadari ta hanyar ƙona shi a harshen wuta), ruwan da ke cikin sinadarin kuwa sai gwajin Karl Fischer.

Agilent da Shimadzu da Thermo Fisher duka suna ƙera masu inganci, amma ku zaɓi wanda yake da injiniya kusa da ku, ku tabbatar da hanyar samun iskar hiliyam da na'urar ke aiki da ita, sannan ku tanadi UPS (batirin ajiyar wuta), domin idan aka ɗauke wuta famfon zuƙe iska ya tsaya, sai an jira sa'o'i kafin na'urar ta daidaita.