Wa ya kawo gwajin sikila na jarirai Kumasi?

Hajiya, kin tambaya wa ya kawo gwajin da aka yi wa jikanki a asibitin Komfo Anokye, aka tsaga masa dunduniya aka ɗiba jini. Aikin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ne, ɗan garin Kukurantumi a nan Ghana, wanda ya rasu a 2022.

A Amurka ya karanta likitanci, ya shugabanci cibiyar sikila ta asibitin yara na Filadelfiya. Ɗansa na fari da ciwon aka haife shi, kin ga ba daga littafi kaɗai ya san zafin abin ba. A 1995 ya fara gwajin jarirai a nan Kumasi, lokacin da mutanenmu na zango ke kiran ciwon amosanin jini, wasu kuwa su ce aikin mayu ne.

Amfaninsa ke nan: in an gano da wuri, sai a ɗora yaro kan fenisilin da rigakafi tun kafin zazzaɓi ya kayar da shi. Kusan biyu cikin ɗari na jariran Ghana da ciwon ake haihuwarsu, don haka ki matsa wa iyayensa su koma su karɓo sakamakon.