Waya Mai Magana Ko Makarantar Makafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗiyata shekararta 11, ƙyanda ce ta tafi da ganinta tun tana 'yar shekara huɗu. Tana zuwa Islamiyya, ta haddace izu goma da ka. Kawunta da ke Abuja ya ce zai sayo mata waya mai magana, wai idan tana da ita ba sai mun kai ta makarantar kwana ba. Kakarta kuma ta ce ko kusa da murhu kada a bar ta. Ni dai na rasa na kamawa. Daga wata uwa a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta. Ki yi wa kawu godiya, amma ki ce masa ya dakata da kuɗinsa tukuna.

Maganar waya ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ba wata waya ce ta daban ba: kusan duk wayar Android tana da TalkBack a cikin saitinta, iPhone kuma tana da VoiceOver. Idan aka kunna, yarinya ta ɗora yatsa a kan abu sai wayar ta faɗi sunansa, ta ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. Tsohuwar wayarsa ma ta wadatar. In ta kai ga kwamfuta akwai NVDA, manhajar da ke karanta mata abin da ke kan kwamfutar da murya, kyauta ake saukewa, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka haɗa ta. Amma muryar nan Turanci aka koya mata. Ki ba ta saƙon Hausa ki ji yadda za ta dagula shi, har yara su yi ta dariya.

Kuma ji daban, karatu daban. Na koyar da wani yaro mai kaifin kai wanda komai da kunne ya ɗauke shi. Ranar da na ce ya rubuta sunan garinsu, ya yi shiru, gumi ya karyo masa. Bai taɓa sanin kalma harafi-harafi ake jera ta ba. Abin da birel ke bayarwa ke nan, rubutun da Louis Braille, wani makaho ɗan Faransa, ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne kacal, daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. Ana maƙala takarda mai kauri a ɗan allon ƙarfe, a riƙa huda ta da tsinke daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo, sannan a juya takardar a shafa daga hagu zuwa dama. Ba caji, ba jiran wuta. Har Alƙur'ani akwai shi da birel, izu goman nan nata za ta taɓa su da yatsunta.

Don haka ki kai ta makaranta. Ki je Birnin Kebbi da ƙafarki, ki ga makarantar masu buƙata ta musamman, ki leƙa ɗakin kwanan 'yan mata, ki tambayi wace ce ke kwana da su. Karatun makafi ba baƙo ba ne a Arewa, tun 1953 aka buɗe makarantarsu a Gindiri da ke jihar Filato. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba ta ilimi kyauta har sakandare, JAMB kuma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawarsu ta daban.

Yanzu batun kaka, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Tausayi ne, na sani, amma irin tausayin nan ne ke kai yarinya shekara 20 ba ta iya dama kunu ba. Ki fara mata da ruwan sanyi: ta saƙala yatsa a bakin kofi tana zubawa, da ruwa ya taɓa yatsan sai ta tsaya. In hannu ya faɗa, a koma mai ɗumi. Ta tsince shinkafa, ta wanke kwanonin, ta shanya kayanta. Abu ɗaya za ku ɗaure wa kanku a gidan: buta, tsintsiya, wuƙa, kowanne da mazauninsa, wanda ya ɗauka ya mayar. Kuɗi kuwa, daga naira 5 zuwa 50 na leda ne, hannu na bambanta su da na takarda. Ɗari biyu ta ninka gida biyu, ɗari biyar ta ninka ta tsawo. Kuma shekararta 11, ki zaunar da ita ki yi mata bayanin al'ada da yadda za ta kintsa kanta tun abin bai zo ba. Wannan aikinki ne, kada ki bar wa makaranta.

Sanda fa? Iyaye da yawa suna ƙinta don tana tuna musu da bara. Farar sanda ido ce. Ana kaɗa ta hagu da dama daidai faɗin kafaɗa, ta riga ƙafa sanin rami. In kuma ƙanenta zai yi mata jagora, kada ya ja ta. Ita za ta riƙe shi sama da gwiwar hannu, tana ɗan bayansa.

Kuɗin da kawu ya ware, ya sayo allon birel da tsinke, da takardar birel, da sanda mai naɗewa daidai tsawon ƙirjinta. Kaka kuwa kada ki yi gardama da ita. Ki bari sai ranar da jikar tata ta haɗa shayi da kanta, ki sa ta kai mata ɗaki.