Kwanso kaɗai zai isa a ce sabon nau'i ne?

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci kwanson katantanwar teku da ya zama dutse, bai yi kama da na littafinka ba, shin za ka iya raɗa masa suna? Eh, ana yi, tunda naman ya ruɓe tun miliyoyin shekaru kwanson kawai ake da shi, amma fa sai a hankali.

Fara rubuta inda ka samo shi da shimfiɗar dutsen da ya fito, in babu wannan ƙimarsa ta ragu sosai. Sai ka auna tsayi da faɗi, ka ƙirga zagayen, ka duba bakin ko dama yake ko hagu, da layukan jiki na tsaye da na kewaye. Ni inda na fi damuwa shi ne tsinin can sama, ɗan kwanson da aka ƙyanƙyashe katantanwar da shi, wani bai kai milimita 1 ba sai da madubin ƙara girma, kuma sau da yawa shi ke raba nau'i biyu masu kama.

Inda ake yin kuskure: ɗaukar wanda bai gama girma ba a matsayin wani nau'i daban, ko wanda ruwa ya goge wa ado, ko lakar da ta cika ciki ta daskare kwanson ya narke. Guda ɗaya kar ka amince masa, nemi da yawa.

Kafin suna kuwa, nemi masanin katantanwa a gidan adana kayan tarihi ya gwada shi da nau'o'in da aka riga aka raɗa wa suna. Dokar ICZN, wato ƙa'idar duniya ta raɗa wa dabbobi sunan kimiyya, ta ce daga 2000 dole a ware samfuri na asali da sunan zai dogara a kansa a faɗi inda aka ajiye shi, in kuma a intanet za a wallafa, tun 2012 sai an yi rajista a ZooBank, kundin sunayen dabbobi na intanet.