Ƙamus zan saya wa yarinya ko littattafan labari?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana lise, wato babbar sakandare, a nan Maraɗi. In ta ɗauki littafin Ingilishi tana karantawa tar, amma ka tambaye ta me aka ce, sai ta yi zuru. Na ware jikka goma. Abokina ya ce babban ƙamus zan saya mata. Me kuke gani? — Wani uba, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai da kuɗina ne, littattafan labari zan fara saya, ƙamus ya biyo baya. Bakinta ya riga ya iya furta kalmomin, ma'ana ce ba ta zauna ba, ita kuwa sai da yawan karanta abin da bai fi ƙarfin mutum ba. Bincike irin na Paul Nation, masanin koyar da harsuna a New Zealand, ya nuna mai koyo na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato a kalma ɗari, biyu kacal ne baƙi. In suka kai goma, karatu ya koma sassabe. Ta duba ƙamus, ta dawo, ta manta inda jimlar ta faro.

Don haka ku nemi littattafan da aka rubuta hawa-hawa domin masu koyo. Oxford Bookworms, misali, matakin share fage kalmomi 250 ne, mataki na 1 kalmomi 400, na 6 kuma 2,500. Akwai irinsu na Penguin da Macmillan. In akwai mai zuwa Kano, a ba shi sautu wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari, na hannu ma sun wadatar. Amma in da hali ta je da kanta, ta buɗe tsakiyar littafin a tsaye, ta karanta shafi guda, duk baƙuwar kalma ta lanƙwasa yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafin ya ƙare, a mayar, a ɗauki na ƙasa da shi. A nan iyaye ke kuskure: sai su ga kamar ɗan siririn littafi mai hotuna raini ne ga 'yar lise. Wallahi ba raini ba ne. Shida masu sauƙi da ta cinye sun fi ƙato ɗaya da zai kwana a ƙasan akwati. A kuma duba shafuka, don bugun sata ya yi yawa, wani za ka tarar shafi ya ɓace ana tsakiyar labari.

In ta gama babi, ku ce ta ba ku labarin da Hausa bayan sallar isha'i. Ba sai kun iya Ingilishi ba. In ta kawo wa ya yi me, don me, to ta fahimta.

Ƙamus kuwa, in canji ya ragu, a sayi na masu koyo. Longman yana fassara kalmominsa da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi, kuma ana duba shi kyauta a intanet.

Tambaya: Zan rubuta WAEC bana. Littafin tsoffin tambayoyi kaɗai ya ishe ni? — Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Ki saya, 'yata, amma bai isa ba. Zai nuna miki yadda ake tambaya, musamman sashen taƙaitawa na jarrabawar Ingilishi, inda kwafo jimlar marubuci kai tsaye ke jawo asarar maki. Ki haɗa da jarida: labari ɗaya kullum daga Daily Trust, ki rufe, ki rubuta abin da aka ce a jimla uku da kalmominki, sannan ki buɗe ki gwada da na ainihi.